Taswirar Ƙwaƙwalwa da Baitulmalin da Ya Biya Kuɗin Zana Ta

A Kumbiya-Kumbiya, kamar a Herwagana da Bolari da sauran unguwannin Gombe, labarin ba baƙo ba ne. Dattijo ya tashi alwalar asuba, buta ta suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. 'Ya'ya su rufu a kansa, wannan na cewa "Baba, ɗaga hannunka mu gani", wancan ya fita neman abin hawa. A asibiti likita ya rubuta takarda a je a yi hoton kai, domin sai da shi zai san ko jijiyar jini ce ta toshe ko fashewa ta yi, kuma maganin da ke tsinka jini ya taimaki ta farko shi ne zai ƙara wa ta biyu ɓarna. Iyali su haɗa kuɗi su biya. Abin da suka biya kuɗin hoton ne kawai. Kuɗin da aka kashe kafin ɗan Adam ya iya leƙa cikin ƙoƙon kan mai rai ba tare da wuƙa ba, wasu al'ummai ne suka biya shi daga harajinsu, shekara bayan shekara, fiye da ƙarni guda. Bin sawun wannan kuɗi shi ne zai nuna mana yadda aka san abin da aka sani game da ƙwaƙwalwa, da kuma dalilin da ya sa cututtukanmu da jininmu ba su samu wuri sosai a cikin wannan sani ba.

Aikin ya fara ne da talauci. A 1873 wani likitan Italiya, Camillo Golgi, ya gano wani rini na ruwan azurfa da ke baƙanta ƙwayar jijiya ɗaya daga cikin ɗaruruwa, ta fito fili da rassanta duka. A ɗakin girkin asibitin da yake aiki ya haɗa shi. Wanda ya ci moriyar rinin sosai shi ne Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen, wanda ya sayi madubinsa na farko na ƙara girma da ɗan abin da ya tara lokacin da yake likitan soja a Kyuba. A 1885 annobar kwalara ta ɓarke, hukumar lardin Zaragoza ta sa shi ya yi bincike a kai, da ya gama ta yi masa tukwici da madubin kamfanin Zeiss, irin wanda bai taɓa mallaka ba. Cikin 'yan shekaru Cajal ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ba dunƙulallen zare ba ce, tarin ƙwayoyi ne masu zaman kansu da ke miƙa wa juna saƙo. Shi da Golgi suka raba kyautar Nobel a 1906, kuma kafin nan gwamnatin Sifen ta riga ta kafa masa ɗakin bincike a Madrid. Hukumar lardi ce, ba babbar daula ba, ta ba da kayan aikin da ya buɗe wannan ƙofa.

Daga nan masu zane suka biyo baya. A 1909 Korbinian Brodmann a Jamus ya rarraba ɓawon ƙwaƙwalwa yanki-yanki ya ba kowanne lamba, lambobin da likitoci ke kira har yau. A 1924 Hans Berger ya naɗi motsin lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a takarda, wanda shi ne asalin gwajin da ake yi wa masu farfaɗiya. A Kanada kuwa, Wilder Penfield ya buɗe cibiyarsa ta Montreal a 1934 da kuɗin gidauniyar Rockefeller da gudunmawar hukumomin lardi da na birni. Yadda yake aiki abin tsayawa a duba ne. Zai buɗe ƙoƙon kan mai farfaɗiya alhali yana farke, domin ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin taɓawa, sai ya ɗora siririyar wayar lantarki a wani gurbi ya tambaye shi me ya ji. Nan babban yatsa ya motsa, can leɓe ya yi ƙaiƙayi, a wani wurin kuma mutum na cikin ƙirge sai magana ta tsaya cak. Kowane gurbi ya sa masa 'yar takarda mai lamba. Haka aka gano cewa hannu da baki sun cinye fili mai yawa a ƙwaƙwalwa, fiye da baya da cinya. Wanda ya ga yadda shanyewar ɓarin jiki ke fara kama hannu da harshe ya riga ya ga wannan taswira a jikin mutum.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne gwamnatoci suka shiga da gaske. A 1950 Amurka ta kafa cibiyar ƙasa ta binciken cututtukan jijiya, ta sa mata kason shekara-shekara a kasafin kuɗi. A Ingila ma'aikatar lafiya ta zuba kuɗi a aikin wani injiniyan kamfanin EMI mai suna Godfrey Hounsfield, ta kuma yi alkawarin sayen na'urorin farko. Ranar 1 ga Oktoba 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, aka ɗauki hoton kan wata mata da ake zargin tana da ƙari, abin ya fito a fili. Wannan ne mafarin hoton CT. Lissafin da ke ƙarƙashinsa kuwa wani ɗan Afirka ta Kudu, Allan Cormack, ya fara tunaninsa tun yana aiki a asibitin Groote Schuur na birnin Cape Town, kuma tare suka karɓi Nobel a 1979. Hoton MRI ya biyo baya daga jami'o'in gwamnati, Paul Lauterbur a New York da Peter Mansfield a Nottingham. A 1990 Seiji Ogawa ya nuna cewa da wannan na'ura ana iya bin sauyin iskar da jini ke ɗauke da ita a gane sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki a daidai lokacin.

Akwai wani aiki na wancan zamani da ya fi kowanne nuna halin kuɗin gwamnati. A Cambridge, a ɗakin binciken da hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ke ɗaukar nauyinsa, Sydney Brenner da John White da abokan aikinsu suka ɗauki wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba. Suka yanka ta sala-sala har dubbai, suka ɗauki hoton kowane yanki, suka bi kowace jijiya da alƙalami daga hoto zuwa hoto. Fiye da shekara 10 suna wannan, sai a 1986 suka fitar da cikakkiyar taswirar ƙwayoyin jijiyarta guda 302. Babu ɗan kasuwar da zai jira tsutsa shekara 10. Hukumar ta jira, domin ta yarda cewa sanin da ba a san ranar amfaninsa ba shi ma dukiya ne.

Da aka shiga wannan ƙarni sai abin ya koma gasa tsakanin ƙasashe. Ranar 2 ga Afrilu 2013 Shugaba Barack Obama ya ƙaddamar da shirin BRAIN da kimanin dala miliyan 100 a shekarar farko, kuma manufarsa ta farko ba warkar da wata cuta ba ce, ƙera kayan aikin gani ne. A 2016 majalisar dokokin Amurka ta ware masa ƙarin kimanin dala biliyan 1.5 na shekara 10. A 2013 ɗin ne kuma Tarayyar Turai ta fara nata shirin, da alkawarin kwaikwayon ƙwaƙwalwar mutum a cikin kwamfuta. Shekara guda da farawa ɗaruruwan masana suka sa hannu a takardar ƙorafi kan yadda ake tafiyar da shi, aka sake masa fasali, ya ƙare a 2023 bayan ya ci kimanin Yuro miliyan 600. Bai cika babban alkawarinsa ba, amma ya bar taswirori da rumbunan bayanai da ake amfani da su. Japan ta fara nata a 2014 da wani ƙaramin biri, Sin ta biyo baya da nata.

Sakamakon ya fara fitowa a 'yan shekarun nan. A 2023 aka bayyana cewa ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da ƙwayoyi iri fiye da 3,000. A Oktoban 2024 aka kammala taswirar ƙwaƙwalwar ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro: ƙwayoyin jijiya kusan 140,000 da mahaɗu fiye da miliyan 50. A Afrilun 2025 aka fitar da ta wani guntun ƙwaƙwalwar ɓera wanda bai kai ƙwayar gero ba, aka ƙirga mahaɗu fiye da miliyan 500 a cikinsa. Ta mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, don haka tafiyar da sauran nisa. Kuma ko a can kuɗin ba ya da tabbas: kason shirin BRAIN ya sauko daga dala miliyan 680 a 2023 zuwa miliyan 402 a 2024.

Najeriya ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa na kula da masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta a 1954, duniya ta zo koyo. Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962. Benjamin Osuntokun ya bi diddigin wata cuta da ke lalata jijiyoyi ta hana mutum tsayuwa da gani da ji sosai, ya danganta ta da gubar da ke cikin rogon da ba a jiƙa shi yadda ya kamata ba. Tambaya ce da ta fito daga tukunyar mutanensa, kuma babu wanda zai yi ta a Landan. Sai tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi, ɗakunan gwaji suka bushe, malamai da dama suka tsallaka waje.

Tun daga lokacin, yawancin manyan binciken ƙwaƙwalwa da aka yi a ƙasar nan da kuɗin waje aka yi su, kuma dole a faɗi alherinsu. A 1992 aka fara aikin haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indianapolis da kuɗin gwamnatin Amurka, ana kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Amurka. A 2001 aka bayyana cewa yawan masu kamuwa da cutar mantuwa a Ibadan bai kai rabin na can ba, kuma ƙwayar gadon da aka fi zargi da jawo cutar ga Turawa ba ta nuna irin wannan ƙarfi ga Yarabawa ba. Binciken SIREN kan shanyewar ɓarin jiki, wanda Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna cewa hawan jini ne uban tafiya a nan, da nisa. A 2023 wani aiki da Farfesa Njideka Okubadejo ta Legas ke cikin jagororinsa ya gano wata ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin cutar karkarwa ta Parkinson ga masu jinin Afirka, wadda ba a gan ta a binciken Turawa ba. Darasin ɗaya ne: abin da aka auna a jikin wasu ba lallai ne ya dace da namu ba, kuma idan aka auna namu, duniya duka ke ƙaruwa.

A Kano an ga yadda irin wannan aiki ke shiga rayuwar gida. Yaro mai sikila yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun yana firamare. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala, tare da na Barau Dikko a Kaduna da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka ɗauki wata na'urar sauti mai sauƙi. A kwantar da yaro, a shafa masa ɗan mai a gefen kai tsakanin ido da kunne inda ƙashi ya fi siranta, a ɗora kan na'urar, sai a ji sautin jini yana wucewa ta jijiyar ƙwaƙwalwa, lamba ta fito a allo. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, jijiyar ta ƙuntata, yaron na bakin haɗari. A ƙasashe masu arziki ƙarin jini ake yi masa wata-wata, abin da ya fi ƙarfin yawancin iyalanmu. Gwajin da aka yi da yara 220, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa ƙwayar maganin hydroxyurea, ko da ƙaramin awo ne, tana ba da kariya mai kyau. Wani aikin kuma a Kano da Zariya da Kaduna ya horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gane farfaɗiyar yara da tambayoyi cikin Hausa, su fara ba da magani. Duka biyun da kuɗin cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka aka yi su.

Kuɗin gida fa? Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i na 1992, lokacin Attahiru Jega na shugabancinta, shi ya haifar da dokar 1993 da ta ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin 100 na ribarsu domin ilimi. A 2011 aka mayar da asusun TETFund, aka taƙaita shi ga manyan makarantu, kuma a ƙarƙashinsa akwai asusun bincike na ƙasa da malamai ke nema ta hanyar gasa. A zamanin da Farfesa Suleiman Bogoro ke shugabantar TETFund kason ya kai naira biliyan 7.5 a 2020. Ci gaba ne na gaske, amma kuɗi ne da ake rabawa tsakanin noma da injiniyanci da tarihi da lafiya da komai, a ƙasar da kusan kowane sinadarin gwaji da dala ake sayo shi. Ƙasashen Afirka sun yi wa juna alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu a bincike, Najeriya ba ta kai rabin haka ba.

Wanda ya auna illar wannan da lambobi tsohon malamin Jami'ar Jihar Gombe ne, a sashen nazarin sassan jikin ɗan Adam. Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, ya yi digirinsa na farko a Maiduguri, ya yi na uku a jami'ar Sussex ta Ingila kan cutar mantuwa. A 2019 shi da abokan aikinsa suka tattara binciken ƙwaƙwalwa 572 da aka yi a ɗakunan gwajin Najeriya tsakanin 1996 da 2017. Waɗanda suka yi amfani da kayan aiki na zamani ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma guda ɗaya tak ya shiga sahun manyan mujallun duniya. A 2021 suka faɗaɗa aikin zuwa Afirka baki ɗaya, takardu 5,219, inda Masar da Afirka ta Kudu ke gaba, Najeriya ta uku. Sun kuma lura cewa a kudancin Afirka, inda binciken ya fi ƙarfi, kuɗin gida ne ya fi yawa a ciki. Ba basira ce ta yi mana ƙaranci ba, kayan aiki ne da kuɗin da ke ɗorewa.

Maina bai tsaya a ƙirge ba. Yana cikin ƙungiyar TReND, wadda Lucia Prieto-Godino da Tom Baden da Farfesa Sadiq Yusuf suka kafa a 2011 domin koyar da binciken ƙwaƙwalwa a jami'o'in Afirka da abubuwa masu araha, irin su ƙudan 'ya'yan itace. A 2021, da goyon bayan gwamnatin jihar Yobe ƙarƙashin Gwamna Mai Mala Buni, aka buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Aka kawo kayan da jami'o'in Turai suka bayar, ciki har da madubi mai aiki da hasken lesa wanda ke nuna cikin ƙwaya hawa-hawa. Cibiyar na horar da matasa daga jami'o'i daban-daban, tana binciken ciwon ƙodar da ya addabi yankin Gashuwa, tana kuma aiki kan cutar mantuwa da ƙwayoyin da aka samo daga jikin mutanenmu, waɗanda ake juyawa a ɗakin gwaji su zama ƙwayoyin jijiya. Abin da hukumar Zaragoza ta yi wa Cajal, kwatankwacinsa ne gwamnatin jiha ta yi a nan, a garin da ya sha wahalar rikici, kuma tallafin waje ya biyo baya. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Gombe ma ta san wannan hanya, ko da yake ba ta ƙwaƙwalwa ba ce. A Kaltungo, inda kububuwa ke sarar manoma kowace damina, ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ɗauki nauyin aikin EchiTAb tare da masana daga Liverpool da Oxford. Aka haɗa maganin dafi ta amfani da dafin macizanmu, aka gwada shi a kan marasa lafiya 400, aka wallafa sakamakon a 2010. Tambayar tamu ce, kuɗin namu ne, amsar ta dace da mu. Jihar da aka ƙirƙira a 1996 yanzu tana da jami'ar jiha tun 2004, da ta tarayya a Kashere tun 2011, da asibitin koyarwa na tarayya, da likitoci da ɗaliban da ke ganin masu farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki da waɗanda sanƙarau ya bari da kurunta a kowane mako.

Shekarar 2025 ta nuna haɗarin dogaro da aljihun wani, lokacin da gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID ta kuma tsaurara ba da tallafin bincike ga ƙasashen waje, ayyuka da dama a Afirka suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ko a lokacin da kuɗin ke zuwa, wanda ya bayar shi ke da ta cewa kan abin da za a bincika da ranar da za a daina. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Babu mai cewa Gombe ta shiga gasar ƙirga mahaɗun ƙwaƙwalwar ɓera. Waɗannan taswirori an sa su a intanet kyauta, ɗalibi mai kwamfuta a unguwar Tudun Wada zai iya aiki da su. Namu aikin ya fi kusa. A riƙe rajistar duk wanda aka kwantar da shanyewar ɓarin jiki, da shekarunsa da hawan jininsa da abin da hoto ya nuna. A auna jijiyoyin kan kowane yaro mai sikila kamar yadda aka yi a Kano. A adana hotunan kai da ake ɗauka kullum, da izinin masu su, domin a san yadda ƙwaƙwalwar mutanenmu take a lafiya da a ciwo. A biya mai gyaran na'ura, a tabbatar da wuta ga firjin da ke riƙe da samfuri. Wannan duka bai kai kuɗin titi mai kilomita kaɗan ba, amma yana buƙatar layi a kasafin kuɗi wanda majalisar jiha za ta kare da doka, ya wuce wa'adin gwamnan da ya fara shi, a raba shi ta hanyar gasa, masana su tantance, a kuma bayyana wa jama'a abin da aka samu. Jihohi shida na Arewa maso Gabas za su iya haɗa hannu a kan asusu ɗaya, Damaturu ta riƙe madubai, Gombe da Maiduguri da Bauchi su riƙe marasa lafiya da bayanansu. Masu yin aikin suna nan, wasunsu sun riga sun nuna abin da za su iya. Abin da ya rage shi ne 'yan majalisa da kwamishinoni su sa hannu, mu kuma masu biyan haraji mu riƙa tambayarsu a kai kamar yadda muke tambayarsu ruwa da taki.